Dokina mai takama yana ɗaga kai sama: wane linzami ya dace da shi?

Mai Bikili:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da ingarma bikili ɗan shekara 4 da 'yan watanni, wanda na sayo a kasuwar Maigatari bara da kaka. Takamarsa ce ta ja ni gare shi, domin idan ya kama hanya ya jera ƙafafu, mutum zai iya riƙe ƙwaryar fura a kansa ba tare da ta zube ba. Damuwata ita ce kansa. Da zarar na ɗan taɓa linzami sai ya cilla kai sama, ya wage baki, wani lokaci ya riƙa fizgar kai hagu da dama, kuma duk sanda ya yi haka takamar takan watse, ya koma wata tafiya mai wurga mutum gefe da gefe irin ta raƙumi. Linzamin da nake sa masa namu ne na gargajiya mai zobe, wanda na tarar a gida tun na mahaifina. Burina shi ne ya riƙa lanƙwasa wuya yana sauke hanci kamar yadda dawakin manya suke yi, ga shi Sallah saura wata biyu da rabi, kuma ina cikin waɗanda za su raka hakiminmu hawa. Wane irin linzami za ku ba ni shawara in nema?

Ɗan Hawan Daushe:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dokinka ya raina linzamin da ke bakinsa ne. Ka je Kasuwar Kurmi wajen masu kayan doki, ka nemi wanda ƙafafunsa, wato ƙarafan gefe da ake ɗaura wa igiya, suka fi tsawo, harshensa na cikin baki kuma ya fi tudu. Bayan haka ka ɗaure masa kai da igiya zuwa majayin sirdi na 'yan awoyi a turke kowace rana, har wuyan ya saba da lanƙwasa. Haka muka yi wa wani hurde namu, cikin mako biyu ya sauke kai.

Tsohon Ɗan Barga:
Yarana, ku yi mini haƙuri in sa baki, domin na fi shekara 40 ina kwana ina tashi da dawaki, tun ina yaro mai yankan ciyawa har aka damƙa mini barga. Kai mai bikili, kada ka ɗaure kan dokin nan. Na ga dokin da aka yi wa haka ya yi tabarya a turke, ya rasa inda zai kai kansa ya daidaita, ya faɗi ta baya a kan ƙeya, kuma bai ƙara moruwa ba. Wanda ya tsira daga faɗuwa kuwa yakan sauke kai ne don gajiya, ranar da aka kwance igiyar ya huta sai ya koma gidan jiya.

Kafin a yi maganar sabon ƙarfe, akwai abubuwan da nake so ka duba ka faɗa mana. Idan yana cin dawa ko dusa, yana zubar da ita daga baki? Kana ganin dunƙulen ciyawa da ya tauna ya tofar a gindin turke? Idan ka zo sa masa linzami yana karɓa da kansa, ko sai an yi kokawa? Sannan gobe da sassafe ka hau shi da ragama kawai, a fili mai shinge inda babu abin da zai firgita shi, ka bar shi ya yi takamarsa. Idan kan ya sauka da ragama, to laifin yana cikin baki ko cikin ƙarfen. Idan bai sauka ba, sai mu koma ga sirdi da gadon baya.

Mai Bikili:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na yi yadda ka ce yau da safe. Da ragama kansa ya sauka sosai, takamar ma ta fi ta kullum daɗi, sai dai ban iya tsayar da shi da wuri ba. Game da cin abinci kuwa, gaskiya yana zubar da dawa, ni kuma na ɗauka gaggawa ce irin ta ƙuruciya. Wajen sa linzami sai yaro ya riƙe masa kunne.

Likitan Dabbobi:
Malam mai bikili, amsoshin da ka ba Baba sun kusa gama bayani, kuma ina roƙonka ka daina barin a riƙe masa kunne, domin hakan yana ƙara koya masa cilla kai. Shekarun dokinka su ne lokacin da baki ya fi damuwa. Doki yana famfarar haƙoran gaba kashi uku: na tsakiya a wajen shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. Turamen nono ma suna faɗuwa a tsakanin shekara 2 da rabi zuwa 4, wani lokaci kuma ɓawon tsohon turmi yakan maƙale a kan sabon yana sukar dasashi. Fiƙoƙin ingarma suna fitowa tsakanin shekara 4 zuwa 5, kusa da gurbin nan marar haƙori inda linzami yake kwanciya, saboda haka wurin yakan yi tsami a wannan lokaci.

Akwai kuma abin da ba ya rabuwa da doki har tsufansa. Muƙamuƙinsa na sama ya fi na ƙasa faɗi, haƙoransa kuma suna ci gaba da turowa kimanin milimita 2 zuwa 3 a shekara yayin da tauna take cinye su. Tun da ba su haɗu daidai ba, gefen waje na turamen sama da gefen ciki na turamen ƙasa sukan yi kaifi kamar bakin fasasshen tangaran. Na sama suna yankar kumatu, na ƙasa suna yankar harshe. Idan ka ja linzami, fatar kumatu takan matsu a kan wannan kaifi, kuma babu dabbar da za ta ji haka ta sunkuyar da kai. Wasu dawakin suna da wani ɗan ƙaramin haƙori a gaban turmin farko na sama, wanda Turawa suke kira haƙorin kyarkeci, ba ya tauna komai amma ƙarfe yana iya bugunsa.

Maganin kaifin shi ne a goge shi da magagarin haƙori, bayan an yi wa dokin allurar kwantar da jiki an sa masa ƙarfen buɗe baki. Kada ka cusa hannu can ciki da kanka, domin turmin doki yana iya murƙushe yatsa. Abin da za ka iya yi shi ne ka ɗaga leɓe ka duba gurbin linzamin da ƙarƙashin haɓa. A gurbin nan fata ce 'yar siririya a kan ƙashi, kuma na sha ganin dawakin hawa da ƙashin wurin ya yi ƙulli ko ya gutsure saboda fizgar linzami, har sai an ciro guntun.

Ɗan Hawan Daushe:
Likita, na karɓi maganar haƙori, kuma Baba na janye batun ɗaure kai tun da ka ga abin da ban gani ba. Amma ina so a yi mana adalci game da linzami mai ƙarfi. Filin hawa ba filin kilisa ba ne. Ga ƙarar bindiga, ga tambari da algaita, ga ingarmu sun haɗu kafaɗa da kafaɗa kowanne yana neman ɗan'uwansa da faɗa, ga yara da mata cike da bakin hanya. A wajen jahi kuma dole doki ya taho a sukwane ya yi zamiya a gaban sarki cikin taku kaɗan. Shi kansa mai bikili ya ce da ragama bai iya tsayar da shi da wuri ba. Idan aka ba shi ƙarfe mai laushi doki ya ƙwace ya taka ɗan wani, wa zai ɗauki alhakin? Iyayenmu da suka ƙera linzami mai zobe sun san abin da suke yi.

Maƙerin Linzami:
Sun sani ƙwarai, ɗana, kuma sana'ar gidanmu ke nan, saboda haka ba zan kushe shi ba. Sai dai akwai abin da aka bari a baya. A zamanin mahaifina ba a ƙera linzami sai an kawo dokin ƙofar maƙera, ko a kawo awon bakinsa da kara. Yanzu mutum yakan tsaya a rumfa ya zaɓi wanda ya fi ado, ko ya ɗauko na gado ya sa wa kowane doki, alhali wanda aka ƙera wa shi ya mutu shekara 20 da suka wuce.

Bari in bayyana yadda ƙarfen yake aiki, domin mai bikili ya gane abin da dokinsa yake ji. Sandar da ke cikin baki tana da tudu a tsakiya, shi muke kira harshe, kuma a ƙarshen tudun aka rataya zoben da yake zagaye muƙamuƙin ƙasa. Idan ka ja kamazuru, wato igiyar linzami, ƙafafun linzamin suna yin baya, harshen yana miƙewa ya nufi ganɗa, zoben kuma yana matse haɓa, sandar tana danne dasashi. Wuri uku ke nan a ja ɗaya. Idan tsawon ƙafar ya ninka tudun harshen sau uku, ƙarfin da yake isa ga zoben yakan kusa ninka na hannunka sau uku. To idan harshen ya yi wa bakin tsawo, shi ne yake fara sukar ganɗa tun kafin zoben ya kama, doki kuma ba shi da hanyar guje wa suka daga sama sai ya wage baki ya ɗaga kai. Wanda ya ƙara tudun harshe don doki ya sauke kai, ya ƙara abin da yake ɗaga shi ne.

Zoben ma yana da nasa awon. Idan ya yi ƙanƙanta, yana matse haɓa ko ba a ja ba, doki ba ya samun sa'ida balle ya gane bambancin ja da saki. Idan ya yi girma, harshen yakan gama juyawa ya soki ganɗa kafin zoben ya tare shi. Ni nakan so yatsu biyu su shiga tsakanin zobe da haɓa idan an saki kamazuru. Faɗin sandar kuwa, ka sa kara mai santsi a gurbin linzami, ka yi alama a bakin leɓe ta kowane gefe, a ƙara kamar rabin santimita nan da can. Sannan ka shafa tsohon linzaminka a tafin hannu ka ji. Da yawa daga na kasuwa da rodin gini ake yin su, ba a goge kusurwa ba, kuma tsatsa tana cin tsofaffin har su yi baki kamar wuƙa.

Mai Bikili:
Baba maƙeri, na ɗauko shi yanzu na shafa. Inda zoben yake shiga harshen ya cinye ya yi kaifi, har ya karce mini yatsa. Na auna da kara kuma na ga sandar ta fi bakinsa faɗi da kusan yatsa biyu, ashe shi ya sa take zamewa gefe. Dokin mahaifina babban ɗan Sudan ne, wannan kuwa ƙaramin kai gare shi. Wallahi na ji kunyar dabbar nan.

Mazaunin Tenesi:
Ina gaida dattawa. Ina zaune a jihar Tenesi ta Amurka, inda suke da wani jinsin doki da aka san shi da takama, har suna yi masa gagarumin taro kowace shekara a garin Shelbyville tun 1939. Na daɗe ina zuwa wata barga a ƙarshen mako, kuma wannan muhawarar da muke yi ita ce suke yi, domin su ma sun gaji linzami mai dogayen ƙafafu, kuma da yawansu sun yarda cewa sai da shi doki yake takama. Abin da binciken masana na Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin ya nuna a 2012 shi ne cewa wani sauyi a ƙwayar gado da ake kira DMRT3, wadda take aiki a jijiyoyin laka masu tsara motsin ƙafafu, shi ne yake ba doki damar irin wannan tafiya. A dawakin ƙasar Iceland aka fara gano shi. Wato takama a jini take, horo yana gyara ta, amma ƙarfen baki ba ya haifar da ita.

Abin da ya fi amfanar mai bikili shi ne alaƙar kai da gadon baya. Akwai wata babbar jijiya da ta taso daga ƙeya ta bi doron wuya ta haɗu da ta gadon baya. Idan doki ya cilla kai sama, bayansa yakan lotsa ya sandare, ƙafafun baya su kasa shigowa ƙarƙashin ciki, sai ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya su riƙa sauka tare. Wannan ita ce tafiyar raƙumin da ya ambata. Takama mai kyau sauti huɗu take bayarwa a jere, kowane kofato da nasa, kuma za ka iya jin su idan ka bi ta kan ƙasa mai tauri. Idan kuma aka matsa aka naɗe wuyan har haɓa ta kusa taɓa ƙirji, wasu dawakin sukan bar takama su koma sassarfa. Saboda haka wurin da ya dace da kan dokin takama yana tsakiya, hanci ɗan gaba kaɗan da goshi, kuma kowane doki da nasa wurin gwargwadon yadda wuyansa ya fito daga kafaɗa. Dawakin nan na Tenesi ma gyaɗa kai suke yi da kowane taku, masu su kuma suna alfahari da hakan, duk wanda ya ƙulle kan ya kashe tafiyar.

Na ga inda son a burge 'yan kallo ya kai wasu a nan, har suna shafa wa ƙafafun doki abu mai ƙuna don ya riƙa ɗaga su sama, abin da ya sa majalisar ƙasar ta yi dokar kare dawaki a 1970. Ba na fatan mu bi wannan hanya ta wajen baki. Masu horon da na ga aikinsu ya yi kyau sukan fara ƙaramin doki da linzami marar ƙafa, mai zobe biyu a gefe, wanda ƙarfin hannu yake isa baki yadda yake ba tare da ninki ba. Wanda sandarsa take da gaɓa biyu da ɗan guntu a tsakiya ya fi kwanciya a kan harshe. Da shi ake koya wa doki juyawa da bin hannu gefe ɗaya, abin da linzami mai zobe ba ya iya koyarwa, domin shi tsayarwa ya sani.

Tsohon Ɗan Barga:
Ɗana na Amurka ya yi magana mai kyau, kuma irin wannan linzamin ba baƙo ba ne a wurinmu, 'yan folo da masu sukuwa na Katsina da Kaduna da Kano suna da shi, wurinsu za a nema. Amma ina so in koma kan maganar ɗan hawan daushe, domin tsoron da ya faɗa gaskiya ne, ban kuma ce a shiga taron Sallah da ingarma ɗan shekara 4 da ƙarfe marar ƙafa ba. Inda muka rabu da shi shi ne a kan abin da yake tsayar da doki. Dawakin da na ga sun fi iya zamiya a gaban sarki, kamazurunsu a sake yake lilo, mahayin yana zama ne cikin sirdi ya ɗan ɗaga hannu, dokin ya riga ya san abin da ake nufi tun kafin zoben ya taɓa shi. An yi linzamin nan ne don a taɓa a saki. Wanda ya rataya a kansa tun daga ƙofar gida har filin idi, bakin dokinsa yakan mutu, ranar da ya nemi tsayawa da gaske kuma ba zai samu ba, sai ya ƙaro ƙarfe, bakin ya ƙara mutuwa. Dawakin da na ga sun ƙwace cikin taro, mafi yawansu masu jini a baki ne.

Kai mai bikili, akwai tambayar da ban yi maka ba don kada in kunyata ka, amma tun da kai da kanka ka fara faɗin laifinka zan yi ta. Idan doki ya zabura, da me kake riƙe kanka, da cinya ko da kamazuru? Yawancin matasa da linzami suke dafawa ba su sani ba. Ka sa wani ya ɗauke ka a waya kana tafe, ka duba hannunka. Ya kamata ya zauna ƙasa kusa da gaban sirdi, yatsu a sake, yana bin kan dokin. Idan ka ɗan matsa ya sauke hanci ko da faɗin yatsa ne, ka saki nan take, domin sakin ne yake gaya masa ya yi daidai. Ka kuma cire sirdi bayan kilisa ka dubi gumin bayansa. Idan ka ga wani wuri a bushe tsakiyar jiƙa, ko ka shafa ya lotsa, itacen sirdin yana danne shi, kuma dokin da bayansa yake ciwo ba zai sauke kai ba ko da linzamin zinariya ne.

Game da Sallah, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kwana ya ƙure bai nuna ba, ka ari tsohon doki ka hau, ka bar wannan ya zo a jaye ya ga taro ya ji bindiga.

Mai Bikili:
Assalamu alaikum. Yau mako uku ke nan, na ga ya kamata in dawo in faɗi inda aka kwana. An kawo likita ya duba shi, ya tarar da kumatunsa na dama a yayyanke ta ciki, ya goge turamen, ya kuma ciro wani ɓawon haƙorin nono da ya maƙale. A ƙarƙashin haɓa akwai miki da gashi ya rufe, daidai inda zoben yake zama. Na bar shi kwana goma babu ƙarfe, ina hawansa da ragama, ina wanke mikin da ruwan gishiri. Dawa ta daina zuba. Bayan nan na samo linzami marar ƙafa a wurin wani ɗan folo, na shafa masa zuma ranar farko, yanzu da kansa yake buɗe baki. Kan ya sauka, ko da yake bai lanƙwasa wuya irin yadda na yi buri ba, hancin yana ɗan gaba, amma jiya a kan hanyar burji na ji sautin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Hoton da aka ɗauke ni kuma ya nuna abin da Baba ya faɗa, hannuna yana kusa da ƙirjina duk sanda ya ƙara sauri, kuma a nan ne har yanzu yake cilla kai. Na yanke shawarar ba zan hau shi wannan Sallar ba. Baba maƙeri, ina so a ƙera masa nasa mai zobe don baɗi, yaushe ya kamata in kawo awon?

Maƙerin Linzami:
Kada ka kawo yanzu, ɗana. Ka bari fiƙoƙinsa su gama fitowa, haƙoran gefe su tsaya, wato sai ya cika shekara 5, domin bakin da ake aunawa yau ba shi ne na baɗi ba. Idan lokacin ya yi ka kawo dokin da kansa, ba kara ba, in ga zurfin ganɗarsa da kaurin harshensa. Zan yi masa gajerun ƙafafu da harshe mai faɗi marar tudu sosai, a goge shi sumul, zoben kuma a naɗe ƙasansa da fata mai laushi. Tsohon na mahaifinka ka shafe shi da mai ka rataye a ɗaki.

Likitan Dabbobi:
Kafin ka kai shi maƙera ka sa a sake duba bakin, domin a shekarunsa kaifin yana saurin dawowa, wata shida ya isa. Mikin haɓar kuma ka tabbata gashi ya rufe shi, ka danna da yatsa bai janye kai ba, sannan a sa masa kowane irin zobe.